Na Kira Sani Daga Ƙarƙashin Mota

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina yara, ya jikin Inna? Ya ƙarin haƙurinmu?

Jiya aka kawo wata motar dabino garejinmu daga garin Ghuddwa, iska ta shiga birkinta. Fitar da iskar aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka birki, ɗaya yana ƙarƙashi. A da kullum ƙaninmu Sani ke taka mini, Allah ya ji ƙansa. Ina kwanciya sai na ɗaga murya, "Sani, taka! Riƙe!"

Mai motar ya leƙo ya tambaye ni wane ne Sani. Na daɗe ban fito ba, don kada ya ga fuskata.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna, amma kada ki karanta mata wannan.

Ƙaninki,
Idi, Sabha