Malamina a Gado na Huɗu

Rajshahi, 24 ga Satumba

Zuwa ga yayata Rokeya Apa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Toronto ya zo da sauƙi. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar mahaifiyarmu ta yi dama, har tana hawa bene shanya ko an hana ta. Ruwa kuwa tun makon jiya bai ɗauke ba.

Kin tuna Dakta Mokhles, babban likitan sashenmu na masu ciwo mai tsanani, wanda ya shekara biyu yana koya mini aiki? Shi ne mai cewa in ina zura wa mutum bututun numfashi, mara lafiyar zai iya fita ya sha shayi ya dawo ban gama ba. Zazzaɓin dengue ya kama shi. Kwana uku yana zagayen marasa lafiya yana cewa mura ce, har ya yanke jiki ya faɗi a gaban Sista Shefali, babbar nas ɗinmu. Muka kwantar da shi a gado na huɗu.

Ranar wata Talata da hantsi huhunsa ya cika da ruwa, kuma ni ce babba a bakin aiki. Ya ɗaga ido ya karanta allon na'urar da ke saman kansa, sannan ya ce da ni kunkuru, wai me nake jira, sai an aiko mini da goron gayyata? Ya ce in rage maganin barci zuwa rabi, jininsa ya yi ƙasa. Na ce to. Sau ɗaya na gwada bututun numfashin ya shiga. Kwana biyar na'ura tana yi masa numfashi. Ranar Lahadi ƙodarsa ta tsaya, zuciya ta bi baya. Minti arba'in muna danna ƙirjinsa. Ni na dubi agogo na faɗi lokacin rasuwarsa, ni na fita na gaya wa matarsa. Ta kama hannuna tana ta yi mini godiya.

Apa, daga nan sai na je na buɗe kwanon abincina, shinkafa da kifi, na cinye tas. Sista Shefali tana kuka a bayan ƙofa, ni ina cire ƙaya. Kafin la'asar an kawo wata mai juna biyu gadon nan nasa, na karɓe ta. Ta warke, shekaranjiya ta koma gida. Ban ji daɗi ba, kamar yadda ban ji ciwo ba. Sista ta ce in bar kaina, wai hawaye jifa ne, komai nisansa ƙasa zai faɗo. Yau kwana goma sha ɗaya ina jira.

Takardun jarrabawar likitoci ta Kanada da kika aiko sun iso, ban buɗe ba. An bar mini sababbin likitoci uku in koya musu aiki, in na tafi babu wanda zai karɓe su. Kada ki faɗa wa kowa a gida halin da nake ciki, gajiya suke zato. Abu ɗaya nake roƙo: in kin kira ban ɗauka ba, ki sake kira. Ko na yi shiru kada ki kashe, ki yi ta ba ni labarin yara, ina ji.

Ki gaishe da maigidanki Yaya Anisur, da yara Tuli da Ishrak. Inna Hosne Ara tana gaishe ki. Ki sa Dakta Mokhles a addu'a.

Ƙanwarki,
Tahmina