Yaron Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar maigidana ta yi sauƙi, har ya koma shago. Gwaggo tana nan da surutunta, kullum sai ta leƙo. Na zaɓi in rubuto ne saboda na san halinka a waya, da na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce ana kiranka, za mu yi magana daga baya. Wannan karon ka daure ka karanta har ƙarshe, don Allah ba don halina ba.

Maganar Mama ce. Ciwon mantuwar nan ya wuce inda ka sani. Tana cin abinci, tana tafiya da ƙafarta, amma sai ta dube ni ta tambaya ko ni ce mai kawo wanki. Likita ya ce abin gaba zai riƙa yi, mu dai mu yawaita nuna mata abubuwan da ta saba da su. Ka san hotunanmu na yarinta duk sun tafi shekarar da rufin ɗakinta ya yi yoyo, suka manne da juna, ko ɗaya ba a fitar ba. Ashe abin da zai taimake mu yana cikin gidan, a ɗakin ajiyar nan na baya da Auta ya mayar wurin aikinsa, wanda kake yi masa tsiya kana cewa ya bar karatu ya koma wasa da fenti. To wasan nan shi ke riƙe da Mama yanzu.

Auta ya ɗauko wani babban zane tun bara, faɗinsa ya kusa cinye bango. Falonmu ne na da, ranar ruwan sama, irin ranakun da ba ma iya fita sai Mama ta tara mu tana ba mu labarin akuyar nan da ta haɗiye rediyo ta koma karanta wa unguwa labaran duniya. Ya zana Mama da ƙuruciyarta, hannu a sama, baki a buɗe tana kwaikwayon akuyar. Ya zana ni a gefenta da kitso rabi a tsefe, ya zana kansa jariri a cinyarta, har bokitin da muke tara yoyo bai manta ba, don na faɗa masa inda yake zama. Kai kuma ya tsayar da kai a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a hannu, kana jiran ruwa ya tsagaita ka fece, kamar yadda Mama ta sha ba shi labarinka, Sarkin Yawo. Ranar da ta fara shiga ɗakin ta ga zanen, Yaya, da ka ga abin da ya faru da sai ka yi kuka. Ta nuna ni ta kira sunana, ta nuna jaririn ta yi dariya, ta zauna a kan gwangwanin fenti ta ba mu labarin akuyar daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko kalma ba. Tun daga ranar kullum da hantsi sai mu kai ta, mu samu Mamarmu na ɗan lokaci kafin ta sake ɓace mana.

Matsalar ita ce fuskarka babu. Jikinka yana nan, rigar makarantarka da aljihun da ya yage yana nan, amma inda fuska za ta zauna fari ne fat. Auta yana da wata hanyar aiki da ba ya saki. Ba ya zana fuskar yarintar mutum daga hoto. Sai ya zaunar da kai a gabansa, ya sa ka ba shi labarin wani abu da ka yi kana yaro, yana kallon yadda bakinka da idonka suke yi. Ya ce idan mutum ya yi nisa a labarin, yaron da ke cikinsa yana leƙowa, shi yake kamawa. Haka ya yi da ni, ina ba shi labarin ranar da na faɗa kwata da sabon takalmi, ina ta dariya, kafin in ankara ga ni 'yar ƙarama a jikin ƙyalle. Tasa fuskar da madubi ya yi ta. Kai kuwa ka tafi yana ɗan mitsitsi, bai san ka da ƙuruciya ba, zuwanka na ƙarshe ma a tsaitsaye ka yi shi.

Kada ka ce bai gwada ba, ni na matsa masa har muka yi faɗa. Ya yi aiki da hoton da ka turo, mai gemu da tabarau, sai ga wani ƙaton mutum a jikin yaro, Mama ta tsorata ta ce a fitar da baƙon nan. Ya kankare da 'yar wuƙarsa. Kiran bidiyon da kuka yi kuwa kai shaida ne, hoton yana tsayawa yana yankewa, kai kuma kana ta duba agogo. Da ya gaji sai ya rufe ido ya zana abin da ya zo masa, fuskar marigayi Baba ta fito sak. Mama ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambaye shi me ya sa ya daɗe bai dawo ba, ta yini tana kuka ba ta ci komai ba. Wannan ma ya kankare. Yanzu wurin ya yi laushi, idan ka ɗaga shi a rana haske yana ratsawa, kuma Auta ya ce sau ɗaya ya rage, in aka sake kankarewa ƙyallen zai huje.

Sai Gwaggo ta zo ta ƙarasa mu, da kyakkyawar niyya. Mama ta yi ta tambayar wane ne yaron nan marar fuska, tana shafa wurin, hankalinta a tashe. Don ta kwantar mata da hankali, Gwaggo ta ce mata ɗan maƙwabta ne ya shigo fakewa. Ina kicin, ban ji ba sai da aikin gama ya gama. Yaya, duk abin da muke faɗa wa Mama zubewa yake yi kafin la'asar, amma wannan ɗaya ya zauna daram. Na yi rantsuwa, na kira mata sunanka, na ce ɗanta ne na fari, ta dube ni da tausayi ta ce ita 'ya'yanta biyu ne, ga su nan a kusa da ita. Gwaggo ta yi nadama har ta daina cin abinci a gidan, amma nadamarta ba ta gyara komai ba.

Ga kuma matar gidan baje kolin zane-zane da Auta ya yi wa alkawarin aikin nan tun kafin a san zai zama maganin Mama. Ta zo ta tsaya a gaban zanen, ta ce kada Auta ya kuskura ya taɓa fuskar, wai farin nan shi ne ran zanen, shi ne yake nuna yadda yarinta ke gogewa a zuciyar mutum. Na san aikinta take yi, kuma ba ta san ciwon da ke gidan ba, amma saura kaɗan in kore ta da tsintsiya. Ƙarshen wata mai zuwa za su aiko mota a ɗauki zanen. Auta ya ce in ka zo aka gama, zai roƙe ta a dawo da zanen bayan baje kolin, ba za a sayar ba. In ba ka zo ba, shi ba zai iya ci gaba da kallon Mama tana shafa farin wurin nan ba, gara zanen ya tafi. Yaron nan ya rame, Yaya, hannunsa duk fenti da warin kananzir, ya zauna ya zuba wa ƙyalle ido, burushi ya bushe a hannunsa.

Na san za ka ce hutu sai ƙarshen shekara, kuma na san hanya ba kusa ba ce. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka tafi, jinyar nan ni nake yi ban yi maka ƙorafi ba. Yau ina roƙonka. Ka je wurin manyanka ka gaya musu gaskiya, in ta kama ka yi musu kuka ka yi. Ba tsaraba muke so ba. Yini ɗaya kawai za ka zauna a kan kujerar Auta ka ba shi labarin yadda kake tsallake katanga, ya samu fuskarka. Wataƙila Mama ta gane ka a jikin zanen, ko da ta kasa gane ka a tsaye. Ban ce tabbas ba ne, amma ba mu da wata dabarar, kuma ina jin tsoro ƙwarai.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da takwarar Mama, da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba. Maigidana yana gaishe ka, Gwaggo ta ce ka yafe mata, Auta kuwa ya goge kujerar ya ajiye ta inda haske ke shigowa. Mama ban iya cewa tana gaishe ka ba. Jiya da na kai mata abinci a ɗakin zanen, ta ture kwanon ta ce in fara zuba wa yaron nan na bakin ƙofa, in ya ci in raka shi gida, kada uwarsa ta yi ta nemansa ba ta san inda yake ba.

Ka zo gida, Yaya.

Taka har kullum,
Ƙanwarka