Abin da Baba Ya Bari a Faifai

Lamashegu, Tamale
Litinin, 12 ga Agusta, 2024, ƙarfe biyu da kwata na rana

Mma,

Assalamu alaikum. Ya Kumasi, ya ƙafar taki da wannan damina? Ina fata Zuweira tana raka ki asibiti a ranakun da aka ce. Ni lafiya lau. Gwaggo Safiatu ma lafiya, tana gaishe ki.

Ina rubuto wannan ne a cikin siton gidan rediyon da nake bautar ƙasa. An ɗauke wuta tun kafin azahar, babu aikin da zan iya yi. Jiya a waya kin tambaye ni ko na ji muryar Baba, na ce tukuna. Na ga gara in rubuta, Zuweira ta karanta miki a hankali, don a waya nakan ji ina neman faɗa miki abin da ban tabbatar ba.

Ga abin da na tabbatar. Injin da Baba ya yi aiki da shi a gidan rediyon nan, lokacin da suke bin ƙauyuka suna ɗaukar hirar dattawa, yana nan. Kwamfuta ce irin ta da, ta girme ni, ta kai akwatin kayanki nauyi. Akwai faifai biyu a cikinta. Na farko, mai ɗauke da manhajar da ke tashin injin, ya mutu. Na biyu, inda aka ajiye muryoyin, yana juyawa. Ba zan iya cire shi in sa a tawa kwamfutar ba, bakinsa daban ne, kuma na nemi mahaɗinsa a kasuwar Aboabo da Accra ban samu ba. Saboda haka dole injin da kansa ya tashi ya karanta min.

Akwai wata manhaja ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Mutane sun sa ta ta yi aiki a kan wani inji ɗan gidan su wannan, amma ba a kan wannan ba. Aikina shi ne in koya mata sassan jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yi ba, a makaranta karantawa kawai muka yi.

Madam Adwoa, shugabar gidan, ta ce ƙarshen Satumba za a kwashe siton a mai da shi ɗakin labarai, duk abin da ke ciki masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauka. Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ce ma take tsokanata wai wannan tsohon injin mijina ne, kullum ta leƙo sai ta tambaya ko mai gidan ya yi magana yau.

Bai yi ba. Ki sa ni a addu'a, amma kada ki sa rai sosai.

'Yarki,
Zuhuratu


Tishigu, Tamale
Juma'a, 6 ga Satumba, 2024, bayan la'asar

Mma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Na sami yajin da kika aiko, na gode. Gwaggo ta ce in faɗa miki na rame. Gaskiya ne, amma kaɗan.

Mai gidan ya yi magana. Allonsa ya lalace, don haka ta wata siririyar waya yake turo rubutu zuwa kwamfutata. Ranar Talata ya rubuta sunansa da yawan ƙwaƙwalwarsa, ya ce wai muna shekarar 1970, sannan ya tsaya cik. Madam Adwoa ta ce haka tsofaffi suke, a yi masa haƙuri.

Na gaji, Mma. Aikin ba nauyi ne da shi ba, maimaici ne. In gyara layi ɗaya, in haɗa manhajar, in tura masa, ya tsaya a wurin jiya ko kaɗan gaba da shi, in sake. Hadari na haɗowa sai in cire komai daga wuta saboda tsawa. Ina hawa yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zuwa gida ina ganin lambobi a bayan rigar direba.

Akwai wani dattijo a wata ƙasa mai sanyi da ke da ɗan'uwan wannan injin. Ban san fuskarsa ba, ta intanet muke rubutu. Shi ya gano cewa sashen da ke kula da faifai a nawa yana zaune a wani adireshi daban da nasa. Ya kuma gargaɗe ni cewa faifan da ya daɗe haka, duk tashin da zai yi yana iya zama na ƙarshe. Na riga na ji yana wani ƙas-ƙas idan ya fara juyawa. Tun daga ranar na cire masa wuta. Ba zan mayar ba sai na tabbata manhajar za ta karanta kawai, ba za ta rubuta komai a kansa ba.

Wani abu yana damuna. Ke kin san muryar Baba, ni ban sani ba. Ina goye ya rasu. Wani lokaci ina jin kamar ina yi wa baƙo wahala, sai kunya ta kama ni. Zuweira, wannan wurin ma ki karanta mata, kada ki tsallake.

A gaishe da mutanen gida.

Taki,
Zuhuratu


Lamashegu, Tamale
Talata, 24 ga Satumba, 2024, ƙarfe goma na safe

Mma,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya, ya jikin?

Faifan ya karantu. Ranar Alhamis na mayar masa da wuta, ya yi ƙarar nan, sannan ya daidaita. Na kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfutata, ban tashi daga kujera ba sai da ya gama. Da na kunna hirar farko, shuu kawai na ji kamar ruwa a kan kwano. Ashe tsohon injin yana jera lambobinsa ne ta wata fuska, tawa kuma ta ɗaya fuskar. Da na juya su, sai ga muryar wata tsohuwa tana ba da labarin yadda ake kai man kaɗanya kudu da ƙafa.

Yanzu ga abin da ya sa na kwana biyu ban kira ki ba. Na saurari hirarrakin duka. Babu tambaya ko ɗaya a ciki. Dattijo zai yi magana, a ji ɗan tsalle, ya ci gaba da amsa abin da ba a ji an tambaye shi ba. Na ɗauka ni na ɓata wani abu, na sake dubawa. Ba ni ba ce. An yanke ne da gangan, yanka mai tsabta.

Na kunna wa Madam Adwoa. A lokacin su Baba ita ce mai buga musu takardu. Ta ce ta tuna. Faifan ƙarami ne, kullum yana cika. Baba ne yake zama bayan kowace tafiya yana cire muryar mai tambaya don ta dattawa ta sami wuri. Wai yakan ce shi yana nan, ko yaushe ana iya jin tasa.

Amma akwai abin da bai iya cirewa ba. Kin san yadda ake yi wa babba a nan, yana magana kana amsawa. A ƙarƙashin muryar kowane dattijo akwai wani yana cewa naa, naa, wani lokaci to, a hankali. Ya haɗe da maganarsu, in an yanke shi an yanke su. A hirar mai man kaɗanya, wajen minti na sha ɗaya, tsohuwar ta tsokani mai amsawar cewa bai iya zaman tabarma ba, aka yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

Na tambayi Madam ko shi ne. Ta ce su biyu ne ke fita, shi da marigayi Abdul-Mumuni, kuma da naa kaɗai ba za ta rantse ba.

Na sa komai a ƙaramin katin waya, yana cikin wannan ambulan, na naɗe shi da takarda. Zuweira ta sa miki a wayarta, da abin kunne, ba da lasifika ba. Na bar wa gidan rediyo nasu kwafin. Gyaran da na yi wa manhajar kuma na tura wa dattijon nan na ƙasa mai sanyi, ya ce za a haɗa shi da sauran don mai irin injin nan gaba. Injin kansa ranar Litinin za a ɗauke shi. Na roƙi faifan, an ba ni.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ban san ko mutum ɗaya ne ke amsawa a duk hirarrakin ba, ko biyu.
Ban san sunan tsohuwar ba, ko ƙauyensu.
Ban san ko abin da ya yanke yana kwance a wani lungu na faifan ba. Yana yiwuwa, amma faifan bai sake tashi ba tun ranar.
Ban san ko wannan ya ishe ki ba.
Ban san ko dariyar tasa ce ba.

Ki saurara, in kin huta. In shi ne, kada ki bari Zuweira ta rubuto min. Ki kira ni da kanki.

A gaishe min da kowa. Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarki,
Zuhuratu