Kan Inna Ya Yi Ganye

Litinin, 3 ga Yuni

Na gama saƙa fuskar Inna. Tana nan a bakin tafkin babban lambun gari, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, gaba ɗayanta da rassan itace na yi ta. Mu da yawa aka ba fili mu nuna aikinmu, ranar 22 za a buɗe. Sauran ƙarfe da siminti suka kawo. Ni ɗanyen reshe na sa, don busasshe ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake. Na kafa gindinsu a ƙasa, na murɗa, na ɗaure. Haɓar ta ba ni wuya. Kan kuwa na bar shi sumul, yadda ciwo ya bar mata shi. Haka nake ganinta in na rufe ido.

Baba ya ce zai zo. Tun rasuwarta ko sunanta bai ƙara ambata ba. Ina so ya gan ta ya gane ta, shi ke nan abin da nake so.

Asabar, 8 ga Yuni

Ruwa tun Laraba. Ban leƙa ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Na shiga uku. Rassan sun yi toho! Kore shar a kumatu, a hanci, kan kuwa ba a magana. Ɗanyen reshe, jiƙaƙƙiyar ƙasa, bakin tafki, me nake tsammani zai faru? Ni da nake ji da kaina. Na ari almakashin ɗinkin Yaya na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Laraba, 12 ga Yuni

Mai gadin nan da muke kira Mai Usur ya kama ni.

"Baiwar Allah, ajiye almakashin nan."

Na ce aikina ne. Ya durƙusa ya ja reshe ɗaya, bai taso ba. "Da aikinki ne. Yanzu ya yi saiwa."

Har ofishin shugabar lambu ya raka ni kamar ɓarauniya. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Wai duk abin da ya yi saiwa a lambun nan ba a yanka shi, ko wa ya dasa. Ko in tumɓuke duka in kwashe, ko in bar shi yadda yake. In aka sake ganina da almakashi, su za su kwashe min.

In na tumɓuke ai fuskar ta watse. Gindin ne ke riƙe da komai.

Juma'a, 14 ga Yuni

Yaya a waya: "Ke dai kin cika taurin kai. Kwashe ki huta. Kada ki kai tsoho ya ga matarsa ta koma shinge." Na kashe wayar. Ta fi ni gaskiya, shi ya sa.

Lahadi, 16 ga Yuni

Ganye ya rufe idonta na hagu.

Talata, 18 ga Yuni

Na wuni ina cusa ganye cikin saƙar da yatsa. Mai Usur yana tsaye a kaina, ya ce lanƙwasawa ba laifi ba ce. Na gode, ranka ya daɗe! Na samu fuskar ta fito, amma kan ya fi ƙarfina, in na danne nan can ya ɓullo. Maƙerin da ke kusa da ni ya ce in kawo akuya, ita doka ba ta hau kanta ba. Kowa ya yi dariya. Ni kuka ne ya taso min, na haɗiye.

Juma'a, 21 ga Yuni

Almakashi yana jaka. Gobe da sassafe, kafin Mai Usur ya iso. In sun kwashe, su kwashe bayan Baba ya gani.

Asabar, 22 ga Yuni

Na hau tsani, almakashi a hannu, sai na ji tarin Baba. Ashe ya tasa Yaya gaba tun da wuri, ba ya son cunkoso. Na sauko. Ya daɗe yana kallo, dogare da sandarsa. Na fara cewa, "Baba, ganyen nan kuskure ne, yanzu zan..."

"Wa ya gaya miki?"

"Me, Baba?"

"Gashin. Haka yake lokacin da na aure ta. Ba matajin da bai karye a cikinsa ba."

Sai ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya sa Yaya ta janyo masa reshe ɗaya ya shafa. Ban taɓa sanin Inna da irin wannan gashin ba, kullum a ɗaure yake, daga baya kuma babu.

Mai Usur ya iso, ya ga almakashin, ya ɗauke kai.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na mayar wa Yaya almakashinta, ɗinki ya taru mata.

Rana ta yi zafi kwanan nan, ganyen sama ya ɗan yi yaushi. Na ɗebo ruwa a tafki da bokiti na zuba a gindin rassan. Ba wani abu ba ne, dama hanyata ce.