Ƙarfen da Hauwa ta tsinto a bakin tur'a

Zuwa ga Mudir, shugaban makarantar firamare ta ƙauyenmu, yankin Managil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da malamanka, ni ne mahaifin Hauwa 'yar aji uku. Na zo ofishinka ban same ka ba, shi ya sa na rubuta a fili, sauran iyaye ma su ji.

Na farko, ba kushe darasin ƙere-ƙere na zo yi ba. Tun da muka dawo daga gudun yaƙi ban ga abin da ya sa yarinyar nan dariya kamarsa ba. Ustaz, malamin darasin, ya koya musu su zana abu, su haɗa, sannan su gwada su ga inda ya gaza. Ita ƙaramin jigo na ɗiban ruwa take ƙerawa, har gyara take yi mini, ni da na tsufa a ban-ruwa.

Na biyu, kayan aikin. An ce kowane yaro ya nemo nasa a bola da bakin gona. Makon jiya Hauwa ta shigo da wani ƙarfe mai tsatsa, da fikafikai a gindinsa, wai shi ne nauyin da zai rinjayi jigonta. A bakin tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, ta tsinto shi, kan hanyar hawashata, gonar da nake nomawa. Ni kaina na jujjuya shi ban gane ba. Sai da maƙwabcina, wanda ya taɓa aikin soja, ya leƙo ya daka mana tsawa mu fice daga gidan. Harsashin igwa ne da bai fashe ba. A ƙirji ta rungumo shi tun daga gona, Mudir. 

Na uku ya fi tsorata ni. Tun da aka sa kyauta ga wanda nasa ya fi, yara suka koma ɓoye tsintuwarsu kada a kwaikwaye su. Hauwa ta ce akwai masu irin nata, amma sun yi alkawarin ba za su tona juna ba. Yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wasu sun tura nasu ƙarƙashin gado, wasu sun jefa cikin buhun tara kayan aiki da ke ɗakin ajiyar makaranta. Ranar gwaji kuwa ta matso, ranar da za a zazzage buhun nan a tsakiyar aji, a kawo guduma da ƙusa.

Don Allah ka rufe ɗakin nan, ka kira masu kwance bam. Ka janye kyautar, ka tabbatar wa yara ba za a doki wanda ya nuna maɓoyarsa ba, amma kada ya taɓa abin da ke ciki. Darasin ya ci gaba da kara da laka da kwali.

Allah ya tsare ka da 'ya'yan da ke hannunka, ya sa ka ji da wuri. Kafin nan Hauwa tana gida, tana fushi da ni wai na hana ta gwajinta. Ta yi ta fushin, muddin ina jin muryarta a tsakar gida.

Wassalam,
Mahaifin Hauwa.