Ruwan Randar Inno

Litinin, 9 ga Yuli, 1984

Na iso Dutsin-Ma da ɗaliban likita daga Zariya, za su yi wata guda suna koyon lafiyar karkara. Na fara da darasin fari. Na ce masu damina ta sauya hali, rijiyoyi suna ƙafewa, mutane sun koma shan ruwan tafki, ga kurkunu ya dawo. Doka ɗaya na kafa: duk ƙauyen da muka shiga, kada wanda ya sha ruwan da ba a tace ba.

Julius, sarkin tambaya, ya ce, “Malam, in an ba mu fa?” Na ce ka kai baki ka ajiye, ba mai ganewa.

Ɗantutture, ƙauyenmu, na nan bayan Kurfi. Tun da na sauka daga mota hankalina yana can, wajen mahaifiyata. Inno.

Alhamis, 12 ga Yuli

Mun je. Gero ko gwiwa bai kai ba, duk ya nannaɗe ganye. Rijiyar bakin masallaci, wadda muke leƙawa muna yara mu ga fuskokinmu, yau kasko ne da ƙasa. Na tsaya ina yi wa ɗalibai bayanin yadda ruwan ƙasa ke janyewa, sai na katse, na juya masu baya. Na ce tari ne.

Yaya Rabe na kwance a zaure, kurkunu a ƙafa biyu, gonarsa ba noma. Inno ta fito da gudunta na tsofaffi, “Auta! Auta ne?” Ta koma ta ɗebo ruwa a randa, a moɗar nan tata mai tsaga. Ruwan tafki, ja-ja-ja. Ɗalibai sun zuba mani ido. Na kai baki na ajiye.

Ta ɗauki moɗar ta duba. Ruwan na nan yadda ta kawo shi.

Talata, 17 ga Yuli

Mun koma da farin yadi, muna nuna wa mata tacewa. Ɗaliba Veronica ta iya da su, har guɗa suka yi mata don Hausarta ta Jos. Inno ta karɓi nata yadin ta ninke, ta ce zai yi kyau a rufe kwano.

Ba ta ba ni ruwa ba. Lemon kwalba ta fito da shi, ashe tun jiya ta sa aka sayo a Kurfi. Ta shimfiɗa mani sabuwar tabarma ta ce, “Likita, bisimilla.” Likita! Matar da ta goya ni. Irin tarbar da ake yi wa jami’in gona ke nan. Lemon da zafi kamar shayi, na shanye don dole.

Asabar, 21 ga Yuli

Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Ba na son abincin gidan baƙin nan. Tuwon Inno nake so, da faɗanta.

Juma’a, 3 ga Agusta

Na tafi ni kaɗai, ba mota, ba farar riga. Na roƙe ta ta biyo ni Zariya, akwai famfo. Ta ce, “In bar Rabe kwance? Kai dai da ka saba tahiya, tahi.” Na ce to ta riƙa tace ruwan mana. Ta ce ruwan da ya raini ubana ba zai tsaya gaban alƙali ba a tsufanta.

Haushi ya kama ni, da wani abu da ya fi haushi. Na tashi na buɗe randar da kaina, na cika moɗa na shanye. Ɗanɗanon laka da hayaƙin ɗaki, yadda na san shi. Na san abin da ke ciki sarai, ni nake zana shi a allo.

Ta ce, “Auta, a hankali, kar ka ƙware.”

Ba zan faɗa wa ɗalibai ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, 1985

Sabbin ɗalibai, tsohon darasi. Ƙurji ya taso mani a idon sahu, zafi kamar an ɗora garwashi. Ba na bukatar a gaya mani: kurkunu ne, shekara guda bayan ruwan randar Inno. Na tara su na ce ku zo ku gani, littafi ba ya nuna shi da kyau haka. Wata Saudatu ta ce, “Malam, a ina ka samo?” Na ce a gida.

Lahadi, 28 ga Yuli

Ɗantutture. Na ce jinya a nan ta fi sauƙi, ba wanda ya yarda, ba wanda ya hana.

Ina kwance a ɗakin Inno. Kullum da hantsi ita ke naɗe tsutsar a tsinke, kaɗan-kaɗan, tana zagina a kan ba na zama wuri ɗaya. Jiya na ga ta ɗaure bakin randa da ɗankwalinta tana zuba ruwa ta ciki. Da ta ga ina kallo ta ce, “Mi kake kallo? Tsakuwa ce ta dame ni.” Matan gidan duk sun bi ta. Yaya Rabe yana gona bana, an yi ruwa shekaranjiya.

Ta ce saura kamu guda ta fita, in ta ƙara ja kwana kaɗan ne in koma aikina. Na ce a’a Inno, kar a yi gaggawa, in ta tsinke a ciki matsala ce babba. Gaskiya ne, haka nake koyarwa.

Yau ko taɓa tsinken ba ta yi ba.