Ni Na Ce A Auna Iskar

Litinin, 8 ga Afrilu
An kafa allo a gonar shinkafar da ke manne da kurmin kafur. Gidaje ɗari uku za a gina. Na tsaya ina karantawa har ruwan tofun da na sayo, wato awara, ya jiƙa mini siket. Kurmin da doka ta hana a karya ko reshensa, shi za a jibge wa motoci a gindi? Na dawo gidan wankanmu, inda jama'ar unguwa ke biya su yi wanka, ina huci. Mijina Noboru yana bakin murhu yana tura katako, na zayyane masa komai. Ya ce, "Hmm." Tun ina amarya nake fama da "hmm" ɗin nan.

Asabar, 20 ga Afrilu
Tsoho Nabeshima ne ya kawo dabarar, tsohon malamin kimiyyar nan da ba ya fashin wanka. Ya fito da tawul a wuya ya ce majalisar gari ba za ta ba da izini ba in aka nuna hayaƙin motoci zai cuci itatuwan. "Tamae-san, ki sa a auna iskar. Bakinki ya fi nawa kaifi." Na shimfiɗa takardar koke a kan kanta, ba mai samun sabulu sai ya sa hannu. Noboru kaɗai bai sa ba, wai hannunsa duk toka ne.

Talata, 14 ga Mayu
An dakatar da ginin sai an gama awo. Sun kafa na'urori a bakin kurmi, kamar ƙananan firji. Hoshino-san, yarinyar ofishin tsara gari, har sunkuyawa ta yi tana gode mini. Na dafa shinkafa da jan wake kamar ranar biki.

Alhamis, 26 ga Satumba
An ba kamfanin ginin izini. Ba zan iya rubutu yau ba.

Juma'a, 27 ga Satumba
Bari in rubuta, ko zan yarda ya faru. A zauren majalisa Hoshino-san ta haska taswira a bango, da wani jan tabo da ya rufe rabin kurmin. Ina ta neman titi a cikin jan. Ba daga titi ya taso ba. Daga wani ɗigo ya taso, a bayan layin masu kifi. Ba ta kira suna ba, "wani tsohon bututun hayaƙi" kawai ta ce. Bututu ɗaya ne a duk unguwar nan, na gidan wankanmu, kuma surukina ne ya gina shi. Kowa ya shiga kallon takalminsa.

Wai hayaƙin motocin gidajen gaba ɗaya ba zai kai rabin namu ba. Saboda haka an yarda a yi gini, da sharaɗin kamfanin ya cire murhunmu ya sa mana tukunyar gas kafin ƙarshen shekara. In mun ƙi, majalisa za ta hana mu hura wuta ko ta yaya. Wato da gidajen iska za ta fi tsabta, in dai babu mu.

Nabeshima ya matso ya raɗa mini, "Lissafinsu daidai ne fa." Saura kaɗan in kwaɗa masa lema. Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Ni na ce a auna.

Lahadi, 29 ga Satumba
Ruwan da itace ya dafa laushi gare shi, yana ratsa mutum har ƙashi, kowa ya san wannan. Kuma Noboru fa? Mutumin da ba ya zuwa kamun kifi, ba ya shan giya, ba shi da aboki sai wutar nan. In ce masa daga yau aikinsa danna maɓalli ne?

Alhamis, 3 ga Oktoba
A ɓangaren mata na tarar da maƙwabciyarmu Fumiko tana cuɗa baya. Na fara faɗa ina cewa an sayi na'urorin ne. Ta dube ni ta ce, "Tamae-chan, ke ba ki taɓa lura a layinmu ba mai barin shanya a waje in rana ta karkata kun hura wuta ba?"

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in haifi babban ɗana."

"To me ya hana ku magana?"

"Mu yi magana, sannan mu yi wanka a ina?" Ta yi dariya ta ci gaba da cuɗarta.

Dukansu sun sa hannu a takardata, suna sane. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na tsare Noboru na ce, "Kai ma ka sani?" Ya cire safar hannu ya ce in biyo shi. Rabon da in shiga kurmin nan har na manta, ni da nake ta ihun kare shi. Ya nuna mini jikin manyan itatuwan. Ta gefen ɗakin ibadar da ke cikin kurmin gansakuka ce kore shar, mai kauri. Ta gefen da ke kallon gidanmu babu komai sai baƙin ɓawo. Na shafa, yatsana ya fito baƙi ƙirin.

Ya ce, "Katakon gidajen da ake rushewa yanzu, wanda muke ƙonawa, duk fenti ne da gam. Na zamanin Baba ba haka yake ba."

"Kuma ka bar ni ina ta zuba a gaban majalisa?"

"Wa ya taɓa tare ki?"

Na kasa cin abinci.

Talata, 15 ga Oktoba
Hoshino-san ta zo da takardun gas. Na ba ta shayi, na ce ba na sa hannu. Ta bar su a kan kanta, na ɗora musu kwalin sabulu.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na fita zubar da shara da rana, na ga ganye duk ya karkata wajen kurmi. Iskar kudu ce. Na zagaya baya, Noboru ya gama jera katako, ashana a hannunsa. Na ce, "Bari iskar ta juya tukuna." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya mayar da ashanar aljihu. Muka zauna kan benci gaban murhu mai sanyi.

Mutane suka fara taruwa a ƙofa da kwanukan wankansu. Na liƙa takarda cewa gyara muke yi. Katakon ma da ɗan danshi ai, ba lallai ya kama ba.

Har rana ta faɗi iskar ba ta juya ba. A rediyo an ce gobe ma haka za ta kasance.